Saƙon Mutane a Bakin Hanyar Gogunu

Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kuna jin ana kiran babanku Malam Sauke-Kaya a kasuwar Malanville, wasunku har dariya kuke yi in an faɗa, kuna zaton sunan wasa ne irin na abokai. Ba wasa ba ne. Gori ne anka yi mishi, ya ɗauka ya yi shiru, har ya koma ga Allah bai gyara maganar ba. Ni kuwa kun san halina, magana ba ta kwana a cikina sai ta sa ni ciwon kai. Shekaru na riƙe wagga saboda shi ya roƙe ni, yanzu kuwa gwiwoyina sun fara gardama da ni, gara in faɗa tun ina da baki. Ba shi ya sauke kayan mutane a hanya ba. Ni ce, da hannuna biyu.

Bari in fara da motar, don ita ce tushen abin. Babanku tela ne, duk kun sani, kuma tun shina saurayi ba abin da yake so a duniya kamar mota. Sai da furfura ta fito mishi sannan Allah ya ba shi wata 'yar ƙaramar ja mai ƙofa biyu, ya saye ta wurin wata malamar lakwal, wato makarantar boko, a Parakou da ta aje aiki. Ita malamar daga gida zuwa lakwal take kai ta, daga lakwal zuwa kasuwa, shi ke nan. Motar birni ce, cikinta kusa da ƙasa, tayoyinta kamar faifan rufe tuwo. 'Yan kabu-kabun bakin kasuwa sunka sa mata suna Gwangwanin Tumatir, in ya wuce su yi ta busa mishi oda suna cewa, "Malam Idi, a buɗe mana mu sa a miya!" Ko a jikinshi. Kullum da safe sai ya wanke ta kafin ya wanke fuskarshi da kyau, har na taɓa ce mishi in ruwan randa ya ƙare ya je ya tambayi motarshi ta dafa mishi koko. Iyakar nisan da ta taɓa yi a hannunshi Madécali ne, wajen wani suna.

A shekarar ce Rabi, ɗiyata ta uku, za ta zauna konkur, wato jarrabawar shiga makarantar ungozomomi a Cotonou. Shekara biyu ta yi a gida tana jira, ta farko ciwo ya kwantar da ita, ta biyu Yaya Alhaji Sanda, wan babanku, ya ce ɗiya mace ba ta da abin yi a bakin teku. Shi ne babba a gidansu, shi ya riƙe babanku bayan rasuwar mahaifinsu, maganarshi ba a tsallake ta. Ga shi kuma konkur ɗin akwai iyakar shekaru, wagga shekara ita ce ta ƙarshe ga Rabi, in ta wuce an rufe ƙofa ke nan har abada. Babanku ya yi ta zarya gidan Yaya, ni ma na je na durƙusa har gwiwata ta yi tabo, daga ƙarshe ya sauko, amma da sharaɗi.

"Ba motar haya ita kaɗai," in ji shi. "Ubanta ya kai ta da ƙafarshi, ya danƙa ta hannun ƙanwarmu a Zongo. In ba haka ba ta zauna."

Da mun shiga babbar motar tasha mu uku, da yau ba ni da labarin ba ku. Na faɗa wa babanku haka. Sai ya dube ni kamar na zage shi, ya ce mutum da motarshi a ƙofar gida ya je ya matsu da buhunan wasu? Na ce Malam, Cotonou fa ba Madécali ba ce, kwana biyu ake yi. Ya ce mota mota ce. Na bar maganar, don gaskiya ni ma raina ya so a ga ɗiyata ta tafi konkur a motar ubanta. Jarrabawa ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe. Munka shirya mu tashi Litinin bayan asuba, mu kwana Parakou, mu shiga Cotonou Talata da rana ta samu ta huta.

Kuskuren da munka yi, bankwana. Ku 'yan yanzu kuna ɗaukar jaka ku fice, sai daga hanya ku buga waya. Mu a lokacinmu ba a haka. Wanda zai yi nisa sai ya bi gida-gida ya nemi gafara da addu'a, balle yarinya mai zuwa jarrabawa. Na ɗauki Rabi munka zaga unguwa kwana uku kafin tafiya. To Malanville akwai gidan da ba shi da ɗa ko suruki a Cotonou? Kowa ya gama addu'a sai ya ce, "Ashe da motarku za ku? Alhamdu lillahi, akwai ɗan saƙo, ba shi da nauyi." Ban taɓa jin saƙon da mai shi ya ce shina da nauyi ba. Kuma saƙo ba a ƙin shi. In ka ƙi, ba za a ce motarka ƙarama ce ba, cewa za a yi ka yi mota ka daina ganin mutane. Ranar Lahadi da la'asar zaurenmu ya koma kamar rumfar kasuwa: shinkafa, busasshen kifi a kwanduna, man shanu a galan, tabarmi, har da zabbi biyu masu rai an ɗaure musu ƙafa. Aminiyata Balki ta turo turmi da taɓarya na auren ɗiyar ƙanwarta da za a yi ranar Juma'a, ta ce amarya ta rantse ba ta daka a turmin kudu. Ana cikin haka sai ga amalanke daga gidan Yaya Alhaji, buhu biyu na albasa, manya, a kai wa surukinshi.

Na ja babanku gefe na ce, "Malam, motar ga fa ba ta ɗaukar wannan."

Ya ce, "Wanne zan mayar? Na Yaya? Mutumin da jiya-jiya ya yarda yarinya ta tafi? Ko na aminiyarki?"

Sai munka loda. Albasa ɗaya a but, ɗaya a kujerar baya, turmi da tabarmi da shinkafa a bisa an ɗaure da igiyar roba, kifi a ƙarƙashin ƙafata. Rabi ta lanƙwashe a ɗan wurin da ya rage, littattafanta a cinya, zabbi a kan littattafan. Da munka shiga mu uku motar ta yi wani nishi ta zauna, bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Maƙwabta sunka tsaya suna ɗaga hannu suna Allah kiyaye hanya, ba wanda ya ce an yi yawa, don kowa nashi na ciki.

Damina ce, hanya ta farfashe. Duk tudun da ake yi a bakin gari don rage gudu sai mun sauka ni da Rabi, shi ya haye a karkace, cikin motar na kartar kwalta, shi kuma shina ciza leɓe kamar jikinshi ake karta. Wani jandarma a wajen Guéné ya duba takardunmu, ya zagaya motar sau biyu, ya kama ciki shina dariya.

"Baba, wagga ai ta kai yara lakwal ce. Ina za ku da ita haka?"

Babanku ya ɗaga kai ya ce, "Cotonou."

Jandarman ya daina dariya, ya ce Allah ya kai ku, amma ku rage kaya. Ba mu rage ba. Kafin Kandi tayar baya ta fashe. Ina tayar canji? Tana ƙarƙashin but, ƙarƙashin albasar Yaya. Sai da munka fitar da komai a bakin hanya cikin rana, ya canza, munka mayar. Ya kamata azahar ta same mu kusa da Parakou, sai ga shi la'asar ta kawo jiki muna lallaɓawa cikin Gogunu, warin roba mai ƙonewa ya cika motar, wani abu a baya na kuka ƙiiii duk juyin taya.

Munka tsaya wurin wani makaniki a bakin hanya, dattijo ne Bariba, da harshen Dendi munka yi magana da shi. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito ya goge hannu. Ya ce ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ya lanƙwashe, taya na gugar jikin mota. Zai miƙe shi, kuma shina da tsohuwar taya da za ta yi.

"Amma ku ji gaskiya," in ji shi. "Mutum uku da jaka ɗaya, ta kai ku Cotonou ta dawo da ku. Da kayan ga, ko Bembéréké ba ta gani. In ƙarfen ya karye a daji, ni ma ban iya mishi komai."

Babanku ya tsaya bakin kwalta shina tare manyan motoci. Duk a cike suke, wanda ya tsaya ma ya ce ba ya ɗaukar kayan da ba shi da takardarsu. Taksin da ke zuwa daga Kandi kuwa mutane har kan juna. Ya dawo ya zauna kan wata tsohuwar taya, ya cire hula ya riƙe. Na ce mu bar kayan a nan a ajiye mana, mu ɗauka in mun dawo. Ya girgiza kai. Ya ce albasa da kifi cikin damina, kwana shida a ɗaki, ai ruɓewa za su yi, biki kuma Juma'a ne. Ya ce amana ce, hannu da hannu anka ba shi, hannu da hannu zai bayar, za mu tafi da su a hankali, Allah na nan. Na ce Allah na nan, kuma Shi ya turo mana makaniki ya faɗa mana gaskiya. Muryata ta fara tashi, tashi ma ta tashi. Sai Rabi ta matso.

"Baba, Inna, ku bari. Mu juya gida a hankali a mayar wa kowa kayanshi. In Allah ya rubuta mini, wata hanyar za ta zo."

Wallahi da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta faɗa ne da murmushi, tana kaɗe kashin zabo daga bangon littafinta. Yarinyar da na ga tana karatu a bakin murhu shekara biyu, tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya, ita ce za ta ba albasa hanya ta wuce! Nan anka kira la'asar, babanku ya sa hularshi ya bi mutane masallaci.

Shina juya baya na shiga gidan makanikin, na sami matarshi tana tankaɗe. Na yi mata bayani, ta nuna mini wani ɗaki da suke ajiye masara. Na ɗaure zanena da kyau na fara. Rabi ta riƙe mini hannu tana cewa Inna don Allah, Baba zai yi fushi. Na ce ke, in ba ki taya ni ba matsa ki ba ni wuri. Ni da matar nan munka ja buhunan albasa a ƙasa, munka mirgina turmin Balki, raina na suya don na san abin da nake yi wa aminiyata. Shinkafa, kifi, man shanu, tabarmi, duk munka shigar. Zabbin na kwance su na saka cikin kajinta. Na yi alwala na yi sallata a tsakar gidan, na fito, makaniki ya gama, mota ta miƙe tsaye kamar ba ita ba. Sai ga babanku. Ya dubi motar, ya dube ni, zufa ta jiƙa mini riga har baya.

"Hauwa, me kinka yi?"

Na ce, "Abin da ka gani. Kana ta amana amana. Wagga da ke tsaye ba amana ba ce? Albasa in ta ruɓe baɗi a shuka wata. Ita ina baɗinta?"

Na shirya ma faɗa sosai, na tanadi maganganu har na kwana biyu. Bai ba ni dama ba. Ya shiga ɗakin masarar ya daɗe shina duba kayan ɗaya-ɗaya, ya fito da ɗan ƙullin magani da wasiƙa da wata tsohuwa ta ba mu a kai wa ɗanta, ya sa a aljihu. Ya yi wa makaniki da matarshi godiya, ya buɗe ƙofa ya ce, "Rabi, shiga."

Ikon Allah, ashe motar ga tana da gudu! Tun da munka bar Gogunu ba ta sake yin ko tari ba. Rabi ta miƙe ƙafa a baya ta buɗe littafi. Munka kwana Parakou, washegari munka bi ta Savè da Dassa, duwatsu na wucewa, ƙasa na ƙara kore, itatuwan kwakwar manja na yawaita. Rabi ba ta taɓa ganin su da yawa haka ba, ta manna fuska a gilashi tana tambaya, shi kuma shina ba ta amsa kamar shi ya shuka su. Da ni dai bai yi magana ba sai "miƙo ruwa". A Cotonou kuwa sai na ga abin da anka yi motar dominshi. Cunkoso ya kama manyan motoci sun tsaya cik, 'yan zemijan, kabu-kabun can masu rigar ɗorawa, na ratsawa ta ko'ina, ita kuwa Gwangwanin Tumatir sai ta bi bayansu, ta kutsa nan ta ɓulla can, har ƙofar ƙanwarshi a Zongo kafin la'asar. Laraba tun bakwai muna ƙofar wurin jarrabawa. Rabi ta durƙusa ya dafa kanta, ta shiga cikin 'yan mata da takardarta a hannu, ba ta waiwayo ba. Ni na waiwaya, don kar babanku ya ga idona.

Da munka dawo Gogunu tun daga bakin ƙofa wari ya gaishe mu. Albasa ta yi ruwa, fiye da rabi ta tafi. Kifi ya yi furfura. Zabbi ne kaɗai sunka ci riba, sun yi ƙiba. Munka ɗauko abin da ya rage a sawu biyu, sannan anka fara abin da ya fi tafiyar wuya, bin gidaje. Na ce mishi ni zan yi bayani tunda ni na yi. Ya ce in rufe bakina, karo na farko ke nan da ya taɓa ce mini haka. Duk gidan da munka shiga sai ya durƙusa ya ce, "Ni na sauke, ku yafe mini." Wasu sunka ce ba komai da baki, fuska kuwa ta faɗi nata. Balki ta karɓi turminta ba ta dube ni ba, shekara guda ba ta taka gidana ba. Yaya Alhaji ya bar ƙanenshi a durƙushe a zaure gaban mutane, ya ce, "Na ba ka abin da ka roƙa, ka watsar da nawa a titi." Sallah biyu babanku na zuwa gaisuwa ana ce mishi Alhaji na barci. Wannan ya ci shi ƙwarai, na ga shina rama. A kasuwa kuma sunan nan ya kama shi, masu kawo ɗinki ma wasu sunka janye.

Sakamako ya fito bayan an fara girbin shinkafa. Mushen da ya karantar da Rabi ne ya zo da kanshi a kan babur da hantsi, ko sallama bai gama ba ya ce ta ci. Na yi guɗa har maƙogwarona ya dishe, Rabi ta faɗa jikina tana kuka, wannan karon ba ta riƙe ba. Babanku na kan keke shina ɗinkin wata riga, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layin, ya yanke zare, ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya rufe fuskarshi da rigar mutane.

Da anka watse na zauna kusa da shi. Na ce Malam, yanzu kam ka bar ni in je in faɗa wa Yaya da kowa gaskiya, kai ba ka san an sauke ba, kana masallaci, laifina kake ɗauka. Ya gyara zaren kekenshi, ya yi wani ɗan murmushi da ban taɓa gani a fuskarshi ba.

"Hauwa, la'asar raka'a nawa ce?"

Na ce huɗu mana.

"To kin taɓa ganin raka'a huɗu ta kai mutum awa guda? Tagar masallacin na kallon gidan makanikin. Na idar da salla na zauna ina kallonki kina jan buhun Yaya, ina roƙon Allah ya ƙara miki ƙarfi kar ki gaji kafin ki gama. Ni ban iya ba, ke kinka iya. Ki bar mini ɗaukar sunan, shi kaɗai ne nawa a ciki."